Linzamin Injiniya Uwani

Da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, awarwaron da ke hannun mutumin teburi na saba'in da uku ya rikiɗe daga kore zuwa ja. Ya ɗan matse masa wuyan hannu, irin riƙon da uwa ke yi wa ɗanta a bakin titi. Katunan hasken da ke yawo a kan teburin suka dushe ɗaya bayan ɗaya, sannan wata murya mai sanyi ta fito daga jikin kujerarsa ta ce, "Ya isa haka na yau, Alhaji. Jirgin ruwa mai komawa gari zai tashi nan da minti ashirin."

Mutumin ya buga teburin da tafin hannu, ya ja tsaki, ya zagi wanda bai gani ba. Teburin bai ko kula shi ba. Da ya ga babu sarki sai Allah, ya gyara zaman hularsa ya nufi ƙofa.

Injiniya Uwani Tanimu tana kallonsa ta allon bango a ɗakin sa-ido, hawa na tara na Gidan Sa'a. Shekarunta sittin da ɗaya, goma sha huɗu daga ciki a kan wannan awarwaro suka ƙare. Ita ta ƙera shi, ita ta raɗa masa suna Linzami.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Duk wanda zai shiga Gidan Sa'a sai an ɗaura masa shi a bakin ƙofa. Yana sauraron bugun zuciya, yana auna gumin fata da saurin numfashi, yana aika abin da ya ji zuwa ƙwaƙwalwar teburin da mutum yake zaune. Abu biyu ke sa shi yin ja. Na farko idan asarar mutum ta kai ushirin abin da yake samu a wata. Na biyu idan jikinsa ya nuna abin da Uwani ta kira zazzaɓin ramuwa, wato lokacin da idon ɗan caca ya rufe, ya ƙudura sai ya dawo da abin da aka ci masa ko da zai sayar da rigar jikinsa. Da zarar ya yi ja, teburi ya mutu, sai kuma gobe.

"Mutum nawa ya kama yau, Hajiya?"

Kwamishinan Kuɗi na Jihar Marke ne, Nafi'u Ɗanjuma, ya shigo yana goge gumi. Sa'an ɗanta ne, amma shi gwamna ya ɗora wa maganar tsibirin da Gidan Sa'a yake a kai.

"Uku kacal, ranka ya daɗe. A watan farko har ɗari huɗu yake kamawa a yini."

"To ai kin gani. Mutane sun koyi hankali." Ya yi murmushi har kunne. "Saura kwana tara majalisa ta zauna. Ki je ki faɗa musu wannan kawai. Wata goma sha ɗaya, babu wanda ya sayar da gida, babu wanda ya faɗa tafki. Sauran ki bar mana."

A shekarar 2091 Dutsen Marke birni ne mai kyan gani daga sama. An lulluɓe manyan titunansa da rumfunan sanyi saboda zafin rana, jiragen ƙasa suna zirga-zirga babu direba, ƙananan jirage marasa matuƙi suna kai wa mata cefane har tsakar gida. Amma baitulmalin jiha ƙaf yake. Man fetur ya daɗe da rasa mai saye, gonaki kuma na'urori ke noma su. Rabin mutanen birnin da rabon wata suke rayuwa, ɗan abin da gwamnati ke ba duk wanda na'ura ta karɓe wa aiki. Ga ci, ga sha, ga lokaci har ba a san yadda za a yi da shi ba. Cacar waya ta shigo ta nan, ta kamfanonin ƙetare da babu mai iya kama su, ta yi ta kwashe ɗan abin da ke hannun mutane tana haurawa da shi.

Da gwamnati ta ce za ta halatta gidan caca guda ɗaya a ƙarƙashin idonta, gari ya ɗauki zafi. Limamai suka yi ta huɗuba, fastoci ma haka. Masu goyon baya suka ce ai ɓarnar tana nan ana yi, gara a kawo ta fili a sa mata ido, harajinta ya gina asibiti. Da aka kasa daidaitawa sai aka tsaya a tsakiya: gwaji na shekara guda, a tsibirin da ke tsakiyar tafki, nesa da masallatai da makarantu, kuma da sharaɗin Linzami. Bayan shekara majalisa ta yanke hukunci.

Uwani ba ta taɓa yi wa malamai gardama ba. Ta san hukuncin caca tun tana allo. Ta kuma san ta fiye da yadda malaman suka san ta, don mijinta marigayi Habibu a waya ya cinye gidansu na Unguwar Maƙera, sai ganin masu saye ta yi a ƙofa da takarda. Abin da take cewa kullum shi ne, dokin ya riga ya tsinke, ita linzami ta kawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta tuna ta kwana biyu ba ta leƙa yayanta ba. Aiki ya sha mata kai, wata huɗu sai gaisuwar waya. Ta sayi goro da tsire ta hau jirgi zuwa Sabuwar Unguwa.

Yaya Mudi direban jirgin ƙasa ne a da, yana cikin na ƙarshe da aka sallama ranar da jiragen suka fara tuƙa kansu. Tun daga lokacin majalisarsa ta zama ofishinsa. A gindin wata darbejiya ce a bayan tasha, inda siminti bai kai ba. Nan dattawa goma sha wani abu suke haƙa gurabe talatin a rairayi su kasa dara, wannan da karare wancan da duwatsu, daga la'asar har kiran magariba. Ba a sa ko kwabo. Wanda aka ci sai ya sha dariya da baƙar magana, gobe ya rama.

Mutum ɗaya ta tarar a wurin. Ayuba tela ne, abokin Mudi tun suna gudu ba wando a tsohon gari, yana zaune a kan benci da sandarsa tsakanin ƙafafu. Iska ta cike guraben, akuya ta bi ta kai.

"Yaya Ayuba, sannu da hutawa. Ina mutanen?"

"Uwani, ke ce? Lale." Ya karɓi goron da hannu biyu. "Mutane ai suna wurinki."

"Wurina kamar yaya?"

"Tsibiri. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Shehu mai gyaran agogo ya fara, ya zo yana ba da labari, sai Tanko ya bi shi. Yayanki ya fi kowa zaginsu. Wata uku ke nan yana bin jirgin ƙarfe bakwai."

 "Yaya Mudi? Mutumin da ya ƙi gaisa da Habibu shekara biyu a kan caca?"

"Shi fa. Cewa ya yi zai je ya ga inda gidanku yake ne kawai ya dawo." Ayuba ya ɓare goro ya daɗe yana kallonsa. "Ni ma ya ja ni. Na ce masa ni ƙafata ba ta hawa jirgi. Ƙarya na yi. Tsoro nake ji in je in kasa dawowa. Ina zuwa nan dai kullum, ko Allah zai sa wani ya ɓato hanya."

Tsibirin nan ba tsibiri ba ne a da. Tudun kasuwar Tsohuwar Marke ne, garin da aka haife su. Uwani tana da shekara goma sha shida aka gama madatsar ruwa, aka kwashe su a manyan motoci, ruwa ya haɗiye unguwanni bakwai da maƙabarta da filin idi. Tudun kasuwa kaɗai ya tsira. A kansa aka gina Gidan Sa'a.

Washegari da hantsi ta je, amma ba ta hau hawa na tara ba. Ta sauka ƙasa, sashen da kamfanin Tauraro, masu tafiyar da gidan, suka buɗe a wata na biyar suka sa masa suna Zauren Da. Ta san da shi a takarda, ba ta taɓa shiga ba.

Tana tura ƙofa ƙafarta ta nutse cikin rairayi. Ƙamshin ƙosai ya bugi hancinta, irin wanda ake soyawa da man gyaɗa a kaskon ƙasa. Ga tsamiyar bakin kasuwa da reshenta da aradu ta karya. Ga rumfar mahauta, ga rijiyar Gwani da guganta na fata. Daga nesa ana jin gudumar maƙera, da muryar Ladan Ilu mai ɗan shaƙewa yana gyara maƙogwaro. Kamfanin ya bi gida gida ya sayi tsofaffin hotuna da bidiyon bukukuwa da duk wata murya da ta rage a matattun wayoyi, ya haɗa su ya tayar da garin da haske. Uwani ta san yadda ake yin wannan, tana iya zana na'urorin a takarda. Duk da haka sai da ta dafa bango, don ta hango lungun gidansu, har da tulun da Inna ke ajiyewa a ƙofa saboda masu wucewa.

Dattawa sun fi ɗari biyu a wurin, kowa da gurabensa a gabansa. Ta sami Mudi a gindin tsamiya, ya naɗe hannun riga, awarwaro kore shar a hannunsa. Abokin karawarsa wani tsoho ne na haske mai gemu ja.

"Yaya."

Ya ɗago. Kunya ta ratsa fuskarsa, sannan ya murtuke. "Auta. Aiki ya kawo ki?"

"Kai ka kawo ni. Wane ne wannan?"

"Ba ki gane shi ba? Baba Na'iya ne. Gwanin dara na Marke duka. Ina yaro ko kusa da gurabensa ba a bari in tsuguna." Muryarsa ta yi laushi. "Jiya sau biyu na ci shi, Auta. Baba Na'iya!"

"Baba Na'iya ya rasu tun kafin a tashe mu."

"Na sani. Ni na riƙe wa mahaifinmu buta a jana'izarsa. Kada ki mai da ni yaro."

Ta tsuguna kusa da shi, gwiwoyinta suna ƙara. "Da kuɗi kuke yi?"

"Kuɗin kofin koko ne kowane wasa. In babu shi ba ya kasawa." Ya kau da kai. "Na san abin da za ki ce. Ina istigfari kullum in na hau jirgi. Amma dubi abin hannun nan naki, bai taɓa yi mini ja ba ko sau ɗaya. Ban taɓa rabon watana ba sai ɗan kaɗan. Wa na cuta?"

"Yaya Ayuba yana can shi kaɗai a gindin darbejiya."

 Ya sauke dogon numfashi, kafaɗunsa suka saki, ya dafa ƙasa zai miƙe. "Kin yi gaskiya. Bari mu je in..."

Sai tsohon hasken ya ɗaga dutsensa ya ajiye a gurbin da ko yaro ba zai ajiye ba. Ya kama gemu ya ce, "Kash! Tsufa ya zo."

Idon Mudi ya yi haske. Ya koma ya zauna, ya jera uku, ya cire dutsen Baba Na'iya yana ƙyalƙyala dariya. "Kin gani? Tsaya in ƙarasa wannan kawai."

Ta tsaya. Ya ƙarasa, aka sake kasawa. Har azahar bai sake waiwayarta ba.

Kwana uku ta yi a ofis tana tonon bayanan da ba ta taɓa dubawa ba. Ita a kullum ja take ƙirgawa, ba ta taɓa tambayar abin da kore yake ɓoyewa ba. Akwai wata alama da Linzami yake ji a jikin mutum gab da zai tashi don kansa: numfashi ya tsawaita, zuciya ta lafa, hannu ya saki. Tun a ɗakin gwaji ta san ta, har ta sa mata suna alamar sallama, amma ba ta ba ta wani aiki ba. Yanzu ta jera alamar sallama ta mutum dubu talatin da ɗaya kusa da sakamakon wasanninsu. Cikin daƙiƙa huɗu bayan kowace alama, teburi yana faɗuwa. Ba babbar nasara yake bayarwa ba, 'yar ƙarama ce, daidai wadda za ta mayar da mutum kujera.

Ta nemi wanda ya rubuta wannan umarni, ba ta samu ba, don babu shi. Umarni ɗaya kamfanin ya ba ƙwaƙwalwar teburan: kada kujera ta zauna babu kowa. Ƙwaƙwalwar mai koyo ce. A watannin farko ta lura duk wanda ta matsa wa, Linzami yana ƙwace mata shi. Sai ta daina matsawa. Ta koyi cin mutum kaɗan kaɗan, ta tsaya taƙi ɗaya kafin ja, ta kuma koyi sauraron zuciyarsa ta bakin Linzamin kansa don ta san lokacin da zai gudu. A watan farko mutum yakan yi awa biyu a gidan. Yanzu awa tara ne, kwana bakwai a mako.

Ta kai wa Kwamishina takardun da kanta. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune.

"Hajiya, an karya doka?"

"Ba a karya ba."

"Wani ya yi asarar fiye da ushiri?"

"Babu."

"To me kike so in yi?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Kin san sashen ƙoda na babban asibiti? Mahaifiyata a layinsa ta rasu, ana jiran na'ura ta samu sarari. Da harajin wata goma sha ɗaya mun kai ginin sabon sashe linta. Mutum dubu biyu suna aiki a tsibirin nan. In aka rufe, waɗannan dattawan wayoyinsu za su koma, inda babu ke babu ni. Kuma tsakani da Allah, kafin tsibirin me suke yi da lokacin? Zaman kashe wando a gindin bishiya."

"A gindin bishiyar ake sanin wanda bai fito ba yau, a je a duba shi," in ji ta. "Nan ake sasanta mata da miji kafin magana ta kai kotu. Ranar da aka fitar da ni daga gidana, mutanen gindin bishiya ne suka zo da kura suka kwashe mini kaya, ba gwamnati ba."

"Ban musa ba. Amma wannan ba ya shiga kasafi." Ya tura mata takardun. "Ba zan ce ki yi ƙarya ba, ke uwa ce a wurina. Abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa."

Ranar zaman majalisa zauren ya cika har waje. Malamai da fastoci a ɓangare guda, ma'aikatan tsibiri da 'yan kasuwa a ɗaya ɓangaren. Aka yi ta kai ruwa rana tun safe. Wani ɗan majalisa ya ce jiha ba ta cin abinci da wa'azi. Wani ya ce kuɗin da aka tara da hawaye ba ya gina abin da zai tsaya. Bayan azahar aka kira Injiniya Uwani Tanimu.

Shugaban kwamiti, mai goyon bayan ƙudurin halatta gidan, ya yi mata tambaya ɗaya. "Injiniya, na'urarki ta yi aikin da aka sa ta ko ba ta yi ba?"

"Ta yi, ranka ya daɗe. Babu wanda ya talauce."

Aka fara tafi. Ta jira ya lafa, ba ta koma kujera ba.

"Ina neman izini in ƙara magana. Da na ƙera Linzami, aljihun mutum na tsare, don ta aljihu aka cuce ni. Ban yi tunanin akwai abin da za a iya ɗauka a wurin mutum ban da kuɗi ba." Ta sa aka haska jadawalin awannin a bango, ta bayyana alamar sallama da daƙiƙa huɗun nan dalla dalla, yadda mai sayar da albasa ma zai gane. "Yayana yana cikinsu. Shekararsa sittin da takwas. Wata uku ke nan bai je suna ba, bai je jana'iza ba, bai ga jikokinsa da rana ba. Ba a ci masa komai ba, kuma ban san yadda zan dawo da shi ba. Ni na buɗe wa teburan nan ƙirjinsa suka leƙa. In kun halatta, ku halatta kuna sane da wannan."

Wani ya tambaya ko ba za a iya gyara na'urar ta riƙa ƙirga awanni ba.

"Za a iya. Shekara goma sha huɗu na yi ina gina wannan, teburan suka zagaye shi a wata biyar. Duk katangar da na sake ginawa, da ita za su koyi hawa."

Da la'asar aka kaɗa ƙuri'a. Ashirin da ɗaya suka ƙi, goma sha tara suka yarda. Ɓangare guda ya ɓarke da kabbara da waƙoƙin yabo. A bakin ƙofa wata mata mai rigar ma'aikatan tsibiri ta tare ta, ba da faɗa ba.

"Hajiya, ni shara nake yi a can. 'Ya'yana huɗu. Gobe ina zan je?"

 Matar ta gyara mayafi ta wuce.

Cikin wata guda kamfanin Tauraro ya naɗe kayansa. Ya bar ginin da kujerun, ya tafi da ƙwaƙwalwar teburan da duk abin da ke cikinta, don a yarjejeniya mallakarsa ce. Kafin damina ta faɗi labari ya zo cewa ya sayar da ita ga kamfanonin cacar waya na ƙetare. Su ba sa bukatar awarwaro, idon waya ya ishe su karanta bugun zuciya a fuskar mutum, kuma babu ja a tsarinsu. Sabon sashen ƙoda ya tsaya a linta, ciyawa ta fara fitowa a tsakiyarsa. Kwamishina Nafi'u yana gaishe ta in sun haɗu, da ladabi kamar kullum, amma bai sake zama sun yi hira ba.

Majalisar darbejiya ba ta dawo ba. Kwana biyu kafin ƙuri'ar, 'yar Ayuba ta zo daga Jos ta tafi da shi, ta ce ba za ta bar tsoho yana yini shi kaɗai a bayan tasha ba. Sauran dattawan kowa ya shige ɗaki da wayarsa.

Wata safiya matar Mudi ta kira ta. "Uwani, ki zo ki yi wa yayanki magana. Kullum sai ya yi wanka ya sa manyan kaya ya fita, kamar mai zuwa aiki."

A mashigar jirgin ruwa ta same shi. An sa wa ƙofar sarƙa da kwaɗo. Yana zaune a kan dakalin siminti, ya zuba wa tafkin ido. Daga nan ana hango ginin tsibirin, fari fat, babu motsi.

Ta zauna kusa da shi. 

"An ce kin yi jawabi mai kyau," in ji shi. "Liman ya sa miki albarka a huɗuba."

"Yaya, ka yafe mini in na ɓata maka."

"Gaskiya kika faɗa. Na ji bayanin daƙiƙa huɗun. Ashe ban taɓa cin Baba Na'iya ba." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Wannan ya fi mini ciwo a kan kuɗin kokon. Amma kin san wani abu, Auta? Sau biyu aka nutsar da garinmu ina kallo. Na farko gwamnati ce, na sami wanda zan zaga. Na biyu ƙanwata ce, kuma tana da gaskiya."

Ta sunkuyar da kai.

"Tun jiya nake ta fama da wani abu," ya ci gaba. "Ɗakin Inna. Gabas ƙofarsa take kallo ko kudu? A zauren can kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa tsayawa na lura ba, ina sauri in je in kasa dara. Ke kin fi ni ƙwaƙwalwa. Ina yake kallo?"

Uwani ta rufe ido. Ta ga tabarmar Inna, ta ga ƙwaryar da take tankaɗe a ciki, ta ji ƙamshin turaren wutarta. Ta nemi ƙofar. Ta juya ɗakin gabas, ya zauna daidai. Ta juya shi kudu, nan ma ya zauna daidai. Hotunan gidan guda shida ne a duniya, kuma Mudi ya sayar wa kamfanin da su tun bara.

"Gabas ne, ina jin," ta ce.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Suka ci gaba da zama suna kallon ruwan, kowa yana ƙoƙarin tunawa, har rana ta yi zafi ta kore su.